Ku Tambaya Mu Amsa: Taurarin da ke Tafiya Tsakanin Magariba da Isha'i

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata yawancinsu sama suka dosa, a kan fitilun da ake gani suna ratsa sararin samaniya da dare. Na zaɓi shida na haɗa su a fitowa ɗaya. Waɗanda suka tambaye ni batun batirin sola su yi mini haƙuri sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malam, ni mai gadin wani sito ne a Kusiri, kan hanyar gadar Ngeli. Ran nan bayan sallar magariba ina zaune bakin ƙofa sai na ga wani tauraro mai tsananin haske ya taso daga wajen yamma yana tafiya a hankali, ba ƙara, ba ƙyaftawa. Da ya wuce tsakiyar sama sai ya yi ja-ja ya dushe, alhali ko ɗigon gajimare babu. Abokin aikina ya ce jirgin leƙen asiri ne ya kashe fitila don ya ga muna kallonsa. Mece ce gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da aiki, Allah ya tsare. Ka ce wa abokin naka ya kwantar da hankalinsa, ba wanda ya kashe fitila, don hasken da kuka gani ma ba na fitila ba ne. Tauraron ɗan'adam ne, hasken rana ke dukan jikinsa yana dawo muku. Mu a ƙasa rana ta faɗi mana, amma abin da ke can sama da nisan kilomita 400 har lokacin rana na haska shi, kamar yadda mu mutanen Garwa kan ga kan dutsen Tingilin da sauran rana bayan inuwa ta rufe gari.

Ita duniya tana da inuwa, kuma da faɗuwar rana inuwar ke tasowa daga gabas tana hawa sama. Tauraron naku ya fito daga yamma inda akwai rana, ya yi ta tafiya har ya kutsa cikin inuwar, sai ya ɓace muku, amma yana nan yana ci gaba da tafiyarsa cikin duhu. Jan da ka ce ya yi kafin ya dushe shi ya fi burge ni a wasiƙarka, ba kowa ke lura da shi ba. A 'yan daƙiƙoƙin nan hasken rana sai ya ratsa gefen iskar duniya kafin ya isa gare shi, wato shi ma tasa magaribar ce ta yi.

Haske irin wanda ka siffanta, da ya fi na sauran taurari, abu ɗaya ne ya saba yin sa: Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda za ka ga ana rubutawa ISS. An harba ɓangarenta na farko a Nuwamban 1998, kuma tun Nuwamban 2000 ba a taɓa barin ta ba kowa a ciki ba, yawanci mutum bakwai ne a 'yan shekarun nan. Tsawonta mita 109, ga manya-manyan faifan sola, shi ya sa in ta bi ta saman kai haskenta kan kusa kamo na Zara. Gudunta kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin minti 93, kusan sau 16 a yini. Ka ce a hankali take tafiya, nisa ne ya nuna maka haka. Tazarar Kusiri da Garwa ba ta cika mata minti ɗaya ba.

Lokacin da ka gan ta ma ba dace ba ne. Sai sama ta yi duhu a wajenka, ita kuma tana cikin rana. A nan kusa da layin ikweta rana a tsaye take faɗuwa, duhu ba ya ɓata lokaci: wajen minti talatin bayan faɗuwarta taurari sun fito, bayan kamar awa ɗaya da rabi kuma inuwa ta riga ta haɗiye duk abin da ke nisan kilomita 400 a saman kai. Wato daga idar da magariba zuwa ɗan bayan isha'i ke nan. Waɗanda suka fi nisa, masu kilomita 800 ko 1,000, sukan kai wajen ƙarfe takwas. Sai kuma da asuba, daga kiran assalatu har gari ya fara wayewa, inda abin ke juyewa, ka ga tauraro ya ɓullo a tsakiyar sama ba ka ga tasowarsa ba, daga inuwa ya fito. Kai da kake kwana a waje ka fi mu damar ganin na asuba. Da tsakar dare kuwa, kusan duk fitilar da ka ga tana tafiya jirgi ce.

In abokin naka ya ƙi yarda, ku riƙa lura tare. Jirgin sama yana da fitila ja da kore da fara mai ƙyaftawa, in kuka kasa kunne kuma ƙararsa na biye da shi. Jirgi maras matuƙi yakan karkata, ya yi zagaye, ya dawo. Tauraron ɗan'adam ba ya shan kwana, ba ya tsayawa, ba ya komawa baya. In ka ga kamar yana ɗan lanƙwasa, idonka ne ke rawa, ka jingina kanka da bango za ka ga ya miƙe. Wanda kuwa ya tsinke ya ja layin wuta ya mutu cikin daƙiƙa ɗaya, wannan ɗan tsakuwa ne daga sarari ya ƙone a iska.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Daga unguwar Domayo a Marwa nake rubuto maka. Muna tsakar gida da yara bayan magariba sai ga fitilu sun fi ashirin a jere cikin layi ɗaya, suna bin juna. Unguwa ta ɗauki salati, wata maƙwabciyata har ta ce alamar tashin duniya ce. Yara sun ƙi kwana a waje tun ranar.

Amsa: Hajiya, ki lallashi yaran su koma shimfiɗarsu, zafin Marwa ba na kwanan ɗaki ba ne. Abin da kuka gani taurarin Starlink ne, na kamfanin SpaceX na Elon Musk, masu ba da intanet. Ba ɗaya-ɗaya ake harba su ba. Roka guda kan ɗauki tari ta sauke su wuri ɗaya a ƙasa-ƙasa, sannan kowanne ya kunna ɗan injinsa yana hawa sannu a hankali zuwa mazauninsa, wajen kilomita 500. A kwanakin farko suna manne da juna kuma suna kusa da mu, shi ne layin da kuka gani. Bayan 'yan kwanaki sai layin ya buɗe, bayan makonni sun warwatse sun dushe, ido da ƙyar yake kama su.

Ba ku kaɗai abin ya tsorata ba. Da aka harba 60 na farko a Mayun 2019, wani mai bibiyar taurari a birnin Laidin na Holan, Marco Langbroek, ya ɗauki bidiyonsu a daren da ya biyo baya, kuma a Turai ma mutane sun yi ta kai rahoto suna cewa sun ga baƙi daga wata duniya. Yanzu dubbai ne a sama, sun fi na kowane kamfani da kowace ƙasa yawa.

Ni dai ra'ayina biyu ne a kansu. Kyan kallo akwai shi, kuma da yawa daga masu rubuto mini ba su taɓa ɗaga kai ba sai da layin nan ya wuce. Amma masana taurari suna kuka da su don suna ɓata musu hotuna da zane-zanen haske, kuma kukan nasu yana kan hanya. In kina so yaran su daina tsoro, ki sa babban cikinsu ya duba a waya ranar da wani layin zai sake wucewa, ku fito da tabarma ku jira shi ku ƙirga tare.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce a lise a Ngaundere. Ina son in fara bibiyar taurarin nan da kaina, na sauke manhaja amma lambobi ne cike, ga ta da Faransanci, kuma duk lokacin da ta faɗa in na fita ba na ganin komai. Ba ni da kuɗin madubin hangen nesa. Ta ina zan fara?

Amsa: 'Yata, madubi ba shi ne a gaba ba, idonki da agogo da littafin rubutu sun ishe ki shekara guda. Bari mu bi matsalar daga tushe.

Abin da ya fi kayar da masu farawa shi ne wuri. Shafin Heavens-Above, wanda na fi amfani da shi, in ba ki gaya masa inda kike ba yakan ɗauka kina kan digiri sifili da sifili, wato tsakiyar teku a kudu da Gana, ya ba ki lokutan can. Ki saka Ngaundere da hannunki, digiri 7.3 arewa, 13.6 gabas, ki tabbatar agogon ya zama namu, awa ɗaya gaba da GMT, wanda Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya duk suke bi. NASA ma tana da manhaja mai suna Spot the Station, amma ita ISS kaɗai take nunawa.

Sai lambobin manhajar, na farko lambar haske. Wannan ma'auni a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai haske, mai alamar ragi a gabanta ta fi kowa. Zara tana wajen −4, tauraron da ido ke iya kamawa da ƙyar a daji mai duhu yana wajen 6. ISS takan kai −3 har ta wuce. A cikin gari kada ki wahalar da kanki da abin da ya haura 3. Ina kyautata zaton irin su 4 da 4.5 kika yi ta fita nema.

Na biyu tsayi, daga inda sama ta haɗu da ƙasa, sifili, zuwa saman kai, 90. Ki miƙe hannunki sosai ki dunƙule shi, faɗin dunƙulen digiri 10 ne, babba da yaro duk ɗaya, don mai ƙaramin hannu damtsensa ma gajere ne. Ki riƙa ɗora ɗaya kan ɗaya, tara za su kai ki saman kai. Duk wucewar da ƙololuwarta ba ta kai 30 ba ki bar ta tukuna, itatuwan mangwaro da katangar maƙwabta za su cinye ta.

Na uku jiha, kuma a nan akwai tarko. Mun saba cewa mun fuskanci gabas in za mu yi salla, amma alƙiblarmu ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa. In an ƙirga daga arewa, a Ngaundere tana wajen digiri 58, a Garwa 61, a Njamena 65, ita kuwa gabas 90 ce. To ki tsaya kamar za ki ta da salla: dunƙule uku zuwa damanki gabas ke nan, shida zuwa hagunki arewa. Ki nemi alama a kowace jiha, hasumiyar masallaci ko tankin ruwa ko wata bishiya, ki haddace. A manhajar Faransanci harafin O yamma yake nufi.

Ga misali. A ce ta rubuta miki: haske −3.2, farawa 18:52 a SO (kudu maso yamma), ƙololuwa 18:55 a digiri 64, ƙarewa 18:57 a NE (arewa maso gabas). Ki fito tun saura minti goma, ki juya wa alƙibla baya ki ɗan karkata hagu, ki sa ido dunƙule ɗaya sama da rufin gidaje. Za ta fito ba haske sosai, ta yi ta ƙaruwa tana hawa. Ki rage hasken wayarki har ƙarshe, don ido kan ɗauki minti ashirin kafin ya saba da duhu, kallon allo sau ɗaya kuma ya rushe wannan. ISS kullum daga ɓangaren yamma take zuwa, ko daga kudu maso yamma ta nufi arewa maso gabas, ko daga arewa maso yamma ta nufi kudu maso gabas. Kada ki yi mamaki in ta yi kwanaki tana zuwa sannan ta ɗauke ƙafa mako ɗaya ko biyu. Kowane zagaye duniya kan juya a ƙarƙashinta da kusan digiri 23, kilomita 2,500 ke nan a wajenmu, sai an yi sa'a hanyarta da magaribarmu su haɗu.

Bayan ita ki nemi tashar Sin, Tiangong, wadda aka fara harbawa a Afrilun 2021. Sannan ki nemi Hubble, madubin nan da ke sama tun Afrilun 1990. Shi ina alfahari da shi a madadinmu. Hanyarsa ba ta wuce digiri 28.5 arewa ko kudu da ikweta, saboda haka mutumin Landan ko Balin ba ya ganinsa ko da wane irin madubi ya saya, mu kuwa ta saman kanmu yake bi daga yamma zuwa gabas, da haske irin na matsakaicin tauraro.

Yanayi ma da nasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ke rufe mu, ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, sai mafi haske kaɗai ke ratsa shi. Ku a kan tudun Adamawa damina ke daɗe muku da gajimare, amma daren da ruwa ya sauka ya ɗauke babu kamarsa, haka ma watan Nuwamba. Daren da aka ɗauke wuta kuma, maimakon tsaki, ki ɗauki littafinki ki fita tsakar gida.

Littafin nan kada ki raina shi. Kowane gani layi ɗaya: kwanan wata, lokaci, daga ina zuwa ina, kusa da wane tauraro ya bi, ya fi wanne haske, a ina ya dushe. Za ki ci karo da waɗanda ke walƙawa su dushe, su sake walƙawa a kan ƙa'ida. Yawancinsu gangar roka ce da aka yar tana wulwulawa. Ki ƙirga walƙiya goma, ki duba daƙiƙa nawa suka ɗauka, ki raba, kin auna juyawar wani ƙarfe da ke nisan ɗaruruwan kilomita daga tsakar gidanku.

Tambaya: Malam, sana'ata ɗaura parabol a Njamena. Kullum ina saita faranti ya kalli tauraron da ban taɓa gani ba. In na bi inda farantin ke kallo da dare, zan gan shi?

Amsa: Maigida, da ido kawai ba za ka gan shi ba. Naka suna nisan kilomita 35,786 a saman layin ikweta, sun ninka nisan ISS fiye da sau tamanin. A wannan nisa zagaye ɗaya yana ɗaukar awa 23 da minti 56, daidai da juyawar duniya, shi ya sa suke tsaye wuri ɗaya a wajenmu, kai kuma kake ɗaure faranti da kusoshi ka tafi abinka. Nilesat yana digiri 7 yamma, Badr na Arabsat 26 gabas, NigComSat-1R na Najeriya da aka harba a Disamban 2011 yana 42.5 gabas.

Amma kyamara tana kama su. Ka kafa ta a kan abin da ba ya motsi, ta kalli inda siginar ke fitowa, ka bar ta a buɗe minti ɗaya ko biyu a wuri mai duhu, can bayan gari. Ka tuna a faranti mai hannu a ƙasa siginar daga sama da inda fuskarsa ke kallo take zuwa, ka fi ni sanin wannan. A hoton taurarin Allah duk za su ja gajerun layuka don duniya na juyawa, naka kuwa za su fito ɗigo-ɗigo a tsaye.

Akwai kuma abin da na san ka sha gani. 'Yan kwanaki kafin 20 ga Maris, da 'yan kwanaki bayan 23 ga Satumba, hoto kan yanke na 'yan mintoci da rana, masu gida su yi ta kiranka. Rana ce ta bi ta bayan tauraron daidai, hayaniyarta ta danne siginar. A wannan minti inda rana take nan tauraronka yake, sai dai kada ka kalle ta, inuwar kan farantin za ka duba. Kuma kada ka karɓi kuɗin gyara, da kansa yake dawowa.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne a Gidar, jikana ya ishe ni da zancen nan. Waɗanda suka harba abin sun san inda yake. Mene ne amfanin talaka ya zauna sauro na cizonsa yana ƙirga kayan wasu?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tambayarka tana da nauyi, kuma tarihin abin ne zai amsa ta. Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoban 1957, manyan kyamarorin da Amurka ta shirya don bibiyar taurari ba su gama haɗuwa ba. Waɗanda suka cike giɓin talakawa ne, malaman makaranta da ɗalibai da 'yan kasuwa, da wani masani Fred Whipple na cibiyar Smithsonian ya tsara tun 1956 a shirin Moonwatch. Sukan zauna a jere da ƙananan madubai, kowa da yankinsa na sama, wanda ya gani ya yi magana a rubuta lokaci. Shirin ya ci gaba har 1975. Shi Sputnik ɗin ƙwallo ne mai faɗin santimita 58, abin da yawancin jama'a suka gani da ido gangar rokarsa ce.

Yau ma aikin bai mutu ba. Akwai taurarin soja da gwamnatocinsu ba sa bayyana hanyarsu, kuma wasu 'yan tsirarun mutane a duniya su ke gano su. Ted Molczan daga barandar gidansa a Toronto ya shahara a kan haka. Tauraron leƙen asirin Amurka USA-193, da aka harba a Disamban 2006 ya lalace, irin waɗannan mutane sun daɗe suna bin sa suna ganin yana saukowa kafin sojan ruwan Amurka su harbe shi da makami mai linzami a Fabrairun 2008. Jirgin sojan Amurka X-37B da aka harba a ɓoye hanyarsa a Afrilun 2010, cikin 'yan makonni suka gano shi, har da Greg Roberts daga Afirka ta Kudu.

Yadda suke yi ba wani sihiri. Mutum ya zaɓi taurari biyu da ya sani a kan hanyar da abin zai bi, ya riƙe agogon gudu, daidai lokacin da ya ratsa tsakaninsu ya danna, ya rubuta ko ta tsakiya ya bi ko ya fi kusa da ɗaya. Ya sake yi a wani wurin. Irin wannan ma'auni daga mutane daban-daban in an zuba a kwamfuta sai hanyar ta fito, a san inda zai bi gobe. Wahalar tana wajen lokaci, kuskuren daƙiƙa ɗaya kilomita bakwai ne da ɗoriya, shi ya sa suke neman kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Yawancin masu wannan aiki a Turai da Arewacin Amurka suke, taurarin da ke bin kusa da ikweta kuwa ba sa hango su daga can. Mu ke zaune a ƙarƙashinsu. Jikanka da madubi mai ido biyu irin 7×50 da agogo mai kyau zai iya auna abin da ɗan Holan ba zai iya ba.

Ban ce kowa sai ya kai can ba. A majalisarmu ta mai shayi a unguwar Yelwa nan Garwa, wani dare na duba waya na ce wa jama'a nan da minti huɗu tauraro zai taso ta kan dalbejiyar can, ya bi ta saman masallaci, ya mutu kafin ya kai tankin ruwa. Aka yi dariya, mai shayi ya ce in ya zo kofina kyauta ne. Da ya ɓullo sai wurin ya yi tsit, wani tsohon direba ya miƙe tsaye da kofi a hannu yana bin sa da yatsa har ya dushe, sannan ya juyo ya ce in nuna masa lissafin. Yaron da ya ga lissafi ya cika a sama da idonsa, darasin kusurwa da gudu a aji ba zai ƙara zame masa baƙo ba. Ku da kuke fita duban wata ranar 29, in kun ƙara rabin awa a wurin, da wuya ku tashi ba ku ga ɗaya ko biyu ba.

Gargaɗi ɗaya ga jikan naka, da duk mai karatu a Arewa Mai Nisa da bakin tafkin Chadi. Kada a tsaya da madubi ko kyamara da dare kusa da barikin soja, shingen jami'an tsaro ko filin jirgi, kuma kada a haska fitilar leza sama. Tsakar gida ta isa, ko filin makaranta da sanin mai unguwa.

Tambaya: Malam, daga Yaguwa. Waɗannan ƙarafa ba za su faɗo mana a ka ba?

Amsa: Ɗana, suna faɗowa, amma akasarinsu a iska suke ƙonewa, abin da ya tsira kuma yawanci teku ke karɓa, tunda ruwa ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na duniya. Na ƙasa-ƙasa 'yar iskar da ke can ke ja musu birki har su sauko, na nesa kuwa sukan daɗe: Vanguard 1 tun Maris na 1958 yake sama. Ita ISS an tsara a sauko da ita da gangan cikin tekun Pasifik bayan 2030.

Wani lokaci dai gutsure kan iso ƙasa. A Mayun 2020 ɓaraguzan rokar Sin Long March 5B sun faɗa ƙauyuka a Kodebuwa, ciki har da bututu mai tsawon kusan mita 12. Ranar 30 ga Disamban 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo ƙauyen Mukuku a Kenya. Faɗowar irin wannan ba ta kama da tsinkewar tauraro: a hankali take ratsa sama, tana tarwatsewa gida-gida da wutsiyoyin wuta, takan kai rabin minti ko fiye. In ka ga haka ka rubuta lokaci da jiha nan take.

In kuwa ka tsinci baƙon ƙarfe a gona, musamman mai kama da tulu ko tanki, kada ka taɓa, kada yara su kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, wasu tankunan da ragowar mai mai guba a ciki. Ka ɗauki hoto daga nesa ka sanar da lawan ko jandarma. A yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ƙarfen yana nan mallakar ƙasar da ta yi masa rajista, ta 1972 kuma ta ɗora wa ƙasar da ta harba biyan ɓarnar da ya yi a ƙasa. Da tauraron Sobiyet Kosmos 954 ya watsa gutsattsarinsa a arewacin Kanada a Janairun 1978, Kanada ta nemi diyya, Tarayyar Sobiyet ta biya dalar Kanada miliyan 3 bisa yarjejeniyar da suka cimma a 1981.